Juma'ar Sabbin Waƙoƙi: Yadda Mawaƙa Masu Zaman Kansu Ke Rayuwa a Kasuwar da Ta Cika Ta Batse

Da zarar ƙarfe 12 na daren Alhamis ya buga, sabbin waƙoƙi kan sauka a manhajojin sauraro, ƙasa bayan ƙasa, kowace da agogonta. Da ba haka ake yi ba. Kafin watan Yulin 2015, a Amurka ranar Talata ake fitar da sabon kundi, a Birtaniya kuma Litinin. Ƙungiyar kamfanonin waƙa ta duniya, IFPI, ita ta tattara kowa a kan Juma'a, domin idan kundi ya fito a wata ƙasa, kafin ya isa wata 'yan satar fasaha sun riga sun baza shi a intanet. Dabarar ta yi wa manyan kamfanonin nan uku daidai, wato Universal da Sony da Warner. Amma tun a lokacin wasu ƙananan kamfanoni da masu shagunan faifai suka yi ƙorafi, suna ganin in aka tara kowa a rana ɗaya, mai babbar murya ne kawai za a ji. Shekarun da suka biyo baya sun ba su gaskiya.

Mawaƙan da nake magana a kansu kashi biyu ne, kodayake sun cuɗanya da juna. Akwai 'yan rok, masu jita mai lantarki da ganguna, yawanci mutum uku zuwa biyar. Akwai kuma 'yan fok, masu bin tsarin waƙoƙin gargajiya na Amurka da Birtaniya da Ailan, da jita marar lantarki da goge irin na Turawa da banjo. Shi banjon nan kuwa, bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma ne suka tafi da iliminsa, dangin gurmi da molo ne. Abin da ya haɗa waɗannan mawaƙa shi ne ba sa ƙarƙashin manyan kamfanoni. Wasu da kansu suke fitar da aikinsu, wasu kuma ta hannun ƙananan kamfanoni irin su Sub Pop na Seattle, Merge na jihar North Carolina, Matador na New York, ko Rough Trade na Landan. Bambancin ba na suna ba ne kawai. Babban kamfani galibi shi ke riƙe mallakar ainihin naɗin waƙa, ya ba mawaƙi ɗan kaso bayan ya cire duk abin da ya kashe. Ƙaramin kamfani kuwa sau da yawa raba riba yake yi biyu da mawaƙin, kuma akan yi yarjejeniyar da mallakar waƙa za ta koma hannun mai ita bayan wasu shekaru.

Shekaru talatin da suka wuce, babbar wahalar irin wannan mawaƙi ita ce ya samu kuɗin situdiyo, ya samu wanda zai buga masa faifai, ya kuma samu dillalin da zai kai shi shaguna. Yanzu duk waɗannan ƙofofi a buɗe suke. Da kwamfuta da makirufo mai kyau mutum zai naɗi kundi a ɗakinsa. Da dala 20 da ɗoriya a shekara, kamfani irin DistroKid zai ɗora masa waƙoƙinsa a Spotify da Apple Music da sauransu. Justin Vernon, wanda aka fi sani da Bon Iver, a wata bukkar farauta ta mahaifinsa a jihar Wisconsin ya naɗi kundinsa na farko cikin hunturu, ya fitar da shi da kansa a 2007, kafin kamfanin Jagjaguwar ya karɓa a 2008. Zuwa 2012 ya ci kyautar Grammy. Irin labarin da ke sa matasa ɗaukar jita ke nan.

Sai dai ƙofar da ta buɗe maka ta buɗe wa kowa. Kamfanin Luminate mai tattara alƙaluman kasuwar waƙa ya nuna cewa a 2023 ana ɗora waƙoƙi sama da 100,000 a kullum a manhajojin sauraro. A kullum, ba a wata ba. Ashe wahalar ba ta gushe ba, wuri ta sauya. Da naɗi ne ke da tsada, yanzu kunnen mai sauraro ne.

Daga nan ne za a gane dalilin da ya sa mawaƙa suka koma fitar da waƙa ɗaya ɗaya kafin kundi. Spotify na da ma'aikatan da ke shirya jerin waƙoƙi, kuma shiga irin wannan jeri na iya kai waƙa kunnen dubban mutanen da ba su taɓa jin sunan mawaƙin ba. Amma ƙa'idar manhajar ita ce, a kowace fitarwa waƙa ɗaya tak za ka miƙa musu su duba, kuma aƙalla kwana 7 kafin ranar fitowa. To idan ka zube waƙoƙi goma rana ɗaya, dama ɗaya ka samu. Idan kuwa ka saki ɗaya a Janairu, ɗaya a Fabrairu, ɗaya a Maris, sannan kundin ya fito a Afrilu, ka ƙwanƙwasa ƙofa sau huɗu. Shi ya sa kafin kundi ya fito, masoya sun riga sun ji kusan sulusinsa. Ni dai ina ganin an yi asarar wani abu a nan, domin da yawa daga cikin waɗannan kundaye an jera waƙoƙinsu ne da niyya, ta farko tana share wa ta biyu hanya, ta ƙarshe tana rufe zancen. Wanda ya ji ta bakwai ita kaɗai watanni uku kafin sauran, ya ji ta ba tare da abin da ya kamata ya gabace ta ba.

Akwai kuma maganar daƙiƙa 30. Sai mai sauraro ya kai wannan tsawon kafin a lissafa cewa an saurari waƙa. Hakan ya sa mawaƙa da yawa suka rage doguwar shimfiɗar kiɗa a farko, suna gaggawar kawo amshi kafin yatsa ya tsallake. Kuma waƙar minti biyu da ta minti tara lissafinsu ɗaya. Wannan ya fi cutar da 'yan fok, domin waƙarsu ta labari ce, baiti bayan baiti, ba ta son gaggawa. Ƙungiyar Lankum ta birnin Dublin, wadda ke fitar da aikinta ta hannun Rough Trade, tana da waƙoƙin da ke wuce minti takwas, ana jan sauti ɗaya mai nauyi har sai ya cika ɗaki. Kundinsu na 2023 ya shiga jerin masu takarar kyautar Mercury a Birtaniya, amma a lissafin manhaja, kowace doguwar waƙarsu daidai take da ɗan guntun da aka yi don rawar bidiyon waya.

Batun kuɗin shi ne ya fi ɗaure kai, kuma shi ne mutane suka fi yi wa gurguwar fahimta. Spotify ba ya biyan wani tsayayyen farashi a kan kowane sauraro. Abin da yake yi shi ne, ya tara kuɗin masu biyan wata da na talla a kowace ƙasa, ya ware kusan kashi biyu cikin uku na masu haƙƙin waƙa, sannan ya raba gwargwadon kason kowa a cikin jimillar sauraron da aka yi. Ka ɗauki mutum biyu da ke biyan kuɗin wata iri ɗaya. Na farko mawaƙi ɗaya yake ƙauna, ya saurare shi sau 100 a wata. Na biyu ya bar manhaja tana ta juya waƙoƙin taurari dare da rana, har sau 3,000. Tunda asusu ɗaya ake zubawa, mafi yawan kuɗin na farko zai ƙare ne a aljihun taurarin da bai taɓa kunnawa ba. Ƙiyasin da mawaƙa suka saba bayarwa shi ne dala 3 zuwa 5 a kan sauraro 1,000, kuma wannan kafin a raba da kamfani, da dillali, da 'yan ƙungiya huɗu ko biyar. Tun daga 2024 ma, waƙar da ba ta kai sauraro 1,000 cikin wata 12 ba, ba ta samun ko sisi daga kason naɗi. Kamfanin ya ce irin waɗannan 'yan canji ba sa ma isa hannun mawaƙa, kuma matakin zai rage 'yan damfara. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Amma sakamakon dai shi ne an kwashe daga na ƙasa an ƙara wa na sama. SoundCloud ya gwada wata hanyar tun 2021, inda kuɗin mai sauraro ke bin mawaƙan da shi kansa ya saurara, sai dai manyan manhajoji ba su bi sahu ba.

To me ya sa har yanzu suke yin kundi, alhali komai na tura su ga waƙa ɗaya? Amsar tana wurin 'yan tsirarun mutanen da ke sa hannu a aljihu. Faifan garmaho, wanda aka ɗauka ya mutu, ya farfaɗo. A 2022 an sayar da kusan miliyan 41 a Amurka, faifan sidi kuma miliyan 33, karo na farko tun 1987 da garmaho ya wuce sidi a yawan abin da aka sayar. Faifai ɗaya da mawaƙi ya sayar da hannunsa a kan tebur bayan wasa na iya kawo masa abin da sauraro dubbai ba zai kawo ba. Kuma ba kasafai ake biyan dala 25 ko 30 don waƙa ɗaya ba. Kundi ake saya, da hoton bangonsa, da baitocin da aka buga a ciki. Haka nan 'yan jarida kundi suke yi wa sharhi, masu shirya bukukuwan kiɗa kundi suke tambaya kafin su gayyaci mutum, kuma da sunan sabon kundi ake fita rangadi.

Garmahon ma da nasa ciwon kai. Masana'antun buga shi kaɗan ne. A watan Fabrairun 2020 gobara ta cinye masana'antar Apollo Masters a California, ɗaya daga cikin biyu kacal a duniya da ke yin farantin da ake fara yanka sauti a kai; ɗayar tana Jafan. Da manyan taurari suka ga kasuwar ta buɗe, suka shigo da odar dubban ɗaruruwa, sai ƙaramin mawaƙi mai neman kwafi 500 ya koma ƙarshen layi, yana jiran watanni. Abin da ciwo, domin ƙananan kamfanonin ne suka riƙe masana'antun da ciniki a shekarun da manya suka juya wa garmaho baya. Mawaƙin rok Jack White, wanda ya buɗe tasa masana'antar a Detroit a 2017, har fitowa ya yi a 2022 ya roƙi manyan kamfanonin uku su gina nasu.

Sai Bandcamp, shagon intanet da ya zama gida ga waɗannan mawaƙa. A can mutum ke saye kai tsaye, shagon ya ɗauki kashi 15 cikin 100 na waƙar da aka sauke, kashi 10 na faifai da riguna, saura ya tafi wurin mawaƙi ko kamfaninsa cikin 'yan kwanaki. Mawaƙi ne ke yanka farashi, kuma mai saye na iya ƙarawa don kansa. Lokacin da annobar korona ta rufe wuraren wasa, ranar 20 ga Maris 2020 Bandcamp ya yafe kasonsa na kwana ɗaya, masoya suka kashe dala miliyan 4.3 a wannan rana. Abin ya zama al'ada da ake maimaitawa a wasu Juma'o'in, har mawaƙa suka riƙa daidaita fitar da sabon aiki da ranar. Amma gidan aro ne. An sayar da Bandcamp ga Epic Games a 2022, aka sake sayar da shi ga Songtradr a 2023, kusan rabin ma'aikatansa suka rasa aiki. A farkon 2024 kuma aka mayar da mujallar Pitchfork, wadda sharhinta kan ɗaga kundi daga duhu zuwa haske, ƙarƙashin mujallar GQ, aka sallami ma'aikata da dama. Ginshiƙan da mawaƙi mai zaman kansa ke jingina da su, ba shi ke da su ba.

Wanda duk ya san yadda waƙa ke yawo a ƙasar Hausa zai ga wani abu da ya saba da shi a labarin Mdou Moctar, makaɗin jita Ba'abzine daga Nijar. Jitarsa ta farko da kansa ya ƙera ta, da wayar burkin keke ya yi tsirkiya. Kundinsa na farko a Sakkwato ya naɗe shi a 2008, da irin gyaran muryar kwamfuta da ke tashe a waƙoƙin finafinan Hausa na lokacin. Babu kamfani, babu shago. Waƙoƙin sun bi hanyar da kowa ya sani: daga waya zuwa waya ta bulutut, daga memori zuwa memori, a tasha da kasuwa da cikin motar haya, har suka tsallaka Mali da Muritaniya. A can wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley, wanda ya kafa ƙaramin kamfanin Sahel Sounds a birnin Portland, ya ci karo da ɗaya daga ciki a wayoyin mutane, ya bi diddigi har ya gano mai ita. Daga nan kundaye suka biyo baya a Sahel Sounds, sannan Matador, kamfanin da ya yi suna da 'yan rok na Amurka, ya fitar masa da kundi a 2021 da wani a 2024. Yau a jerin gwanayen jita na duniya ake ambatonsa.

Darasin da ke cikin wannan labari, a ganina, ya wuce na mutum ɗaya. Kafin Kirkley ya zo, waƙar Mdou ta riga ta shiga kunnen jama'a masu yawa, amma yawan sauraron bai zama kuɗi ba. Abincinsa daga wasan biki yake fitowa. Yanayin da mawaƙin Chicago ko Glasgow ke kuka da shi yau ke nan, waƙa tana ko'ina, ladanta ba ya ko'ina. Abin da ya sauya al'amarin shi ne samun 'yan dubban mutane masu sayen faifai da tikiti. Ta wannan hanya Les Filles de Illighadad, ƙungiyar da Fatou Seidi Ghali ke jagoranta daga wani ƙauye kusa da Abalak, da Etran de L'Aïr, makaɗan bikin Agadas, suka kai ga dandamalin Turai da Amurka. Tal National ta Yamai, wadda ke waƙa da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek, ta hannun ƙaramin kamfanin FatCat na Birtaniya kundayenta suka fita waje. A 2020 Sahel Sounds ya yi wani gwaji mai kyau: kowane wata mawaƙi ɗaya zai naɗi 'yan waƙoƙi da wayarsa, ya aika ta WhatsApp, a ɗora a Bandcamp, kuɗin da aka samu duka ya koma gare shi. Babu situdiyo, babu jiran masana'anta, kuma babu asusun da taurari za su cinye.

Ba na son a ɗauka cewa rangadi ya warware komai, don ana yawan faɗin haka da sauƙin baki, wai waƙa talla ce, kuɗi yana wurin wasa. Bayan korona, kuɗin mai da na masauki da na hayar mota sun tashi. A 2022 Animal Collective, ƙungiyar da ta shekara ashirin tana aiki kuma tana da masoya a ko'ina, ta soke rangadinta na Turai ta ce lissafin ba zai fita ba. Wasu ɗakunan wasa kan yanki kaso daga cinikin riguna da faifan da mawaƙi ya ɗauko a motarsa. Ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai ta ƙara wa makaɗanta takardu da kuɗin kwastan a kan kayan kiɗa. A watan Afrilun 2024 Amurka ta ɗaga kuɗin neman izinin aiki na masu wasa daga dala 460 zuwa sama da dala 1,000 ga masu nema da yawa. Wanda ya fito daga Sahel kuwa nauyinsa ya ninka. Lokacin juyin mulkin Nijar a watan Yulin 2023, Mdou Moctar da abokan kiɗansa suna tsakiyar rangadi a Amurka, aka rufe iyakoki, suka maƙale. Masoya ne suka yi karo-karo ta intanet don ɗaukar nauyin zamansu. A wannan zaman jiran ne suka naɗi wani kundin da jita marar lantarki, wanda ya fito a 2025.

Akwai waɗanda suka zaɓi su ƙi bin tsarin gaba ɗaya, kuma su ne suka fi ba ni sha'awa. Gillian Welch da David Rawlings, manyan 'yan fok na Nashville, suna da kamfaninsu da situdiyonsu, kuma sai sun gamsu suke fitar da aiki. Tsakanin 2003 da 2011 Welch ba ta fitar da sabon kundi da sunanta ba. Guguwa ta yaye rufin situdiyon nasu a watan Maris 2020, suka kwashe kaset-kaset na ainihin naɗinsu cikin ruwan sama, suka gyara ginin, suka naɗi kundin da ya ci Grammy a 2025. Mallakar kayansu ce ta ba su damar yin haƙuri. A 2024 kuma wani mawaƙin Kanada, Patrick Flegel, mai fitar da aiki da sunan Cindy Lee, ya saki kundi mai waƙoƙi 32, kusan awa biyu, ba a Spotify ba, ba a Apple Music ba, sai a wani shafi mai kama da na farkon zamanin intanet da kuma YouTube, yana neman wanda ya ga dama ya ba da gudummawa. Pitchfork ta zaɓe shi kundin shekara. A 2025 ƙungiyoyi irin su Deerhoof da King Gizzard & the Lizard Wizard suka janye waƙoƙinsu daga Spotify, saboda jarin da shugaban kamfanin na lokacin, Daniel Ek, ya zuba a wani kamfanin fasahar yaƙi mai suna Helsing.

Sai dai gaskiya ita ce ba kowa ke iya wannan ba. King Gizzard na cika manyan filaye, Welch ta tara masoya na shekaru talatin. Yarinyar da ta gama naɗin kundinta na farko a Leeds, ko saurayin da ke kiɗan biki a Agadas, idan suka ƙaurace wa manhajojin, ta ina sabon mai sauraro zai yi tuntuɓe da su? Ko tsofaffin taurari Neil Young da Joni Mitchell, da suka fice daga Spotify a 2022, sun dawo a 2024. Shi ya sa mafi yawan masu zaman kansu ke taka igiya biyu: su saki waƙa ɗaya ɗaya a manhaja don a gan su, sannan su yi ƙoƙarin jawo wanda ya tsaya ya saurara zuwa inda zai sayi faifai, ya bar adireshin imel, ya zo wasa. Mutum 1,000 da za su sayi kundi a kan dala 10 a Bandcamp sun kawo kusan dala 8,500 kafin cire kuɗin hada-hadar banki. Kafin a samu wannan a Spotify, bisa ƙiyasin da ya gabata, sai an saurari waƙoƙin tsakanin sau miliyan 1.7 da miliyan 2.8.